Kalma Biyu da Aka Cire

Kaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ofishinmu ya ba ni aikin rubuta 'yar takardar faɗakarwa kan haihuwa, wadda za a raba wa mata. Shekara arba'in kika yi kina ungozoma, ki rubuto mini abin da kika gani. Ina kuma neman izinin sa hoton hannuwanki da na ɗauka. Gwaji suke mini, in ta yi kyau za su riƙe ni aiki.

Jikanki.

Mijin nawa,

Ina gaishe ka, kai da ba ka tuna matarka sai da buƙata. Ƙafa tana nan, ta fi ka zumunci, ko yini ɗaya ba ta barina.

To rubuta. Sabuwar reza, dafaffen zare, wanke hannu har gwiwa. In jini ya jiƙa zane biyu, ko yaro ya zo a gicciye, ya fi ƙarfina, a nemo mota.

Mata uku na rasa. Ta ukun uwarka ce. Ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Da hantsi na shafa na ji ka a gicciye, tun a ciki ba ka jin magana. Na kai ta asibiti. Muka zauna a benci har azahar, sannan wata mai farin kaya ta leƙo ta ce babu gado. Muka dawo ɗakina. Kai na fito da kai, ita na kasa riƙe ta.

Sa hoton, amma a rage mini tamoji. Allah ya ba ka sa'a.

Matarka.

Yaro,

Babu doguwar gaisuwa. Matar tela ta kawo mini takardar faɗakarwarka daga awon ciki, mai ninki uku, sai sheƙi take. Na sa tabarau. Ga hannuwana, har da zobena, an ja musu jan layi, an rubuta KU GUJI a sama. A ƙasa kuma: "Wata mata ta rasu a hannun ungozoma a gida."

Wata mata! Haka ake kiranta yanzu?

Reza da zare da zane biyu duk suna ciki, an ce shawarar ƙwararru ce. Ashe na ƙware ban sani ba. Benci ne kawai ban gani ba. Matar tela, da ni na yanke mata cibi, ta kasa kallon idona.

Kakarka.

Kaka,

Ina gaishe ki, in kin amsa. Wallahi na rubuta komai, har bencin. Shugabarmu ta ce takardar ba ta da fili, kuma in mata suka karanta an taɓa koro wata, ba za su je ba. Na bari aka cire. Ranar aka ba ni takardar kama aiki. An buga dubu biyar, suna nan a kwali ƙarƙashin teburina, ɗari biyu kawai suka fita. Ki yafe mini. Ki faɗi abin da zan yi.

Jikanki.

Mai babban tebur,

Na amsa. Shugabarku ta yi gaskiya a abu ɗaya, su je asibiti, ni ma can nake tura su. Hannuwana kuma ku ja musu layi goma, sun gama aikinsu.

'Yata ce ban yarda ba. Ka ɗauko kwalin ranar hutunka, ka sayo biro biyu. Akwai fili ƙarƙashin "wata mata", na auna da yatsa. Kalma biyu za mu rubuta a kowace takarda: babu gado. Kai rabi, ni rabi.

In aikin ya fi, kada ka zo. Ka aiko da biron.

Uwar wata mata.