Ranar da Baba Ya Rabar da Lemon Mutane

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hassana, a makwancinta na Baƙi'a.

Assalamu alaiki, Inna. Ina miƙo miki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, tare da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Kin san mata ba sa shiga Baƙi'a. Jiya bayan la'asar na tsaya a jikin katanga kamar yadda na saba, na buɗe baki zan ba ki labari, sai ga ayarin alhazai sun matse ni gefe, maganar ta maƙale. Shi ya sa nake rubuto miki a nan inda kowa zai gani. Su karanta, ba komai, da ke nake magana.

Labarin Baba ne. Ranar Asabar saura ƙiris in rasa shi a gaban idona.

Tun da kika tafi mantuwarsa ta ƙaru. Larabcin da ya ƙare rayuwarsa yana ciniki da shi a Madina ya zube masa kaf, sai Hausar Damagaram da ya zo da ita yana saurayi. Yaya Sa'idu kuwa kin san halinsa, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, duk faɗan da kika sha yi masa. Yanzu idan sun zauna Baba ya yi nasa, Yaya ya yi nasa, ni ce tafinta tsakanin uba da ɗansa. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Kin tuna 'yar wuƙarku mai ƙotar da kika naɗe da baƙar roba? Kin tuna lokacin aikin Hajji, yadda kuke shimfiɗa tabarma a miƙatin Bi'ir Ali kusa da inda motocin alhazai ke tsayawa? Ke kina wanke lemo a bokiti, Baba yana ferewa irin na gida: ya zare ɓawon sama a zagaye ba tare da ya tsinke ba, ya bar lemon fari fat, ya yanke masa kai, ya miƙa. Yana ta kiran alhazai su zo su karɓi sadaka, “Sabil ya hajji, sabil!” Larabawa su tsaya suna kallon farin lemo sun rasa ta inda za su fara. Mutanenmu kuwa da sun hango sai su saki jaka su taho da gudu cikin harami, wata tsohuwa har kuka ta yi, wai tun da ta baro gida ba ta ga lemo na mutunci ba. Idan rana ta yi zafi sai ki ce masa, “Malam, hannunka ya gaji, kawo in karɓe ka.” Shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce: “A hankali Hajiya, kada ki huda.”

To wannan wuƙar ce ta zama fitina a gidan. Watan jiya mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya shigo, Baba ya miƙa masa lemo da wuƙar a hannu, mutumin ya fita ko takalmi bai ɗauka ba. Yaya ya ce a jefar da ita. Na ce ba za a jefar da wuƙar uwata ba, na ɓoye ta a saman kabat ɗin kicin. Daga ranar Baba ya rufe baki. Shinkafa, shurba, tuwo, har dabinon da yake so, sai ya kau da kai. Na yanka masa lemo gida huɗu irin na nan, ya dube shi ya ture farantin. Ga ciwon sukari. Inna, ni da nake wuni a kantin magani ina gaya wa mutane yadda za su kula da tsofaffinsu, na rasa yadda zan yi da nawa.

Sai na ji ana bikin lemo a garin nan na bakin teku da ake kaiwa bayan an wuce Badar. Na ce mu kai shi, ko ganin lemo da ƙamshinsa zai buɗe masa ciki. Yaya ya ce hauka ne a kai mai mantuwa cikin taro. Muka yi ta yi, na fi shi baki kamar kullum, ya ɗauko mota yana ƙunƙuni. Da muka wuce Bi'ir Ali Baba ya manna fuska a gilashi yana kallon motocin masu umara. Duk tsawon hanya yana dafe da aljihun ƙirjinsa. Na ɗauka zuciyarsa ce, na tambaye shi, ya ce lafiya lau.

Kai, Inna, da kin ga wurin nan! An rufe babban titin bakin ruwa. Motoci a jere an lulluɓe su da lemo tun daga sama har ƙasa, wata an yi ta kamar jirgin ruwa, wata kifi, wata raƙumi, kowane lemo an ɗaure shi da 'yar roba. Ga samari sanye da rigunan da suka kumbura kamar lemo, ga wasu a kan dogayen sanduna, ga ganguna da kiɗan masunta har cikin ƙirji. Da ke ce da kin ce, “Wannan almubazzaranci da me ya yi kama?” Baba kuwa idonsa ya buɗe, na ji yana ƙirga wani abu a hankali, har na fara yi wa Yaya kallon ka gani ko.

Ina riƙe da hannun rigarsa sa'ad da masu dogayen sanduna suka karyo kwana. Jama'a suka ja da baya gaba ɗaya, aka ture ni, rigar ta suɓuce. Da na miƙe na waiga, babu Baba.

Na kira shi, ganguna suka haɗiye muryata. Yaya ya yi gabas, na yi yamma. Katinsa na shaida yana cikin jakata, ba shi da waya, ba zai iya gaya wa kowa sunansa da harshen da za a gane ba. Tun safe ruwa kaɗai ya sha. Ga teku a hannun dama, wasu wuraren babu ko shinge, duwatsu ne kawai sai ruwa. Na leƙa tsakanin duwatsun ina addu'ar kada in ga farar hula. Duk wanda na tare na ce tsoho ne baƙi dogo da farar jallabiya, sai ya nuna mini tsofaffi goma. Yaya ya kira ni a waya, abin da ya fara faɗa shi ne ai ya gaya mini. Na kashe wayar a kunnensa.

Ina tsaye na rasa inda zan nufa sai wata Balarabiya ta wuce da 'yarta, yarinyar riƙe da lemo fari fat an yanke masa kai. Tana jujjuya shi ba ta san yadda ake sha ba.

Inna, a duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne zai fere lemo haka. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ban rufe baki ba na gane abin da yake dafewa a aljihu tun daga Madina. Ashe ya hau kujera ya ɗauko ta. Mutumin da bai san sunana ba wasu ranakun, ya san inda na ɓoye wuƙa.

Na tambayi matar, ta nuna bayanta. Na kutsa ina saɓa wa jama'a. Ga wani dattijo da farin lemo, ga wasu 'yan mata biyu suna dariya suna ɗaukar nasu hoto, ga wani Basudane yana tsotsar nasa yadda ya kamata. Duk inda na ga fari sai in bi, suna ƙaruwa, har na iso inda motar jirgin ruwan ta tsaya. Kiɗan wajen ya mutu. Mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya sama.

Baba yana zaune a gefen titi ya tanƙwashe ƙafa. Ya kwashe lemon gefen jirgin har ana ganin ƙarfen ciki, ɓawo ya taru a cinyarsa. Shi a ganinsa ba ɓarna ya yi ba. A Madina ya tsufa, inda duk abin da aka jera a bakin hanya ga taro na tafiya, to sabil ne, na baƙin Allah. Ya ga lemo, ya ga jama'a, ya ga babu mai rabawa, sai ya zauna ya kama aiki.

Masu tsaro biyu na tsaye a kansa. Babban yana daka masa tsawa da Larabci ya ajiye wuƙa, ƙaramin ya kai hannu ƙugu. Baba bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga mutum a gabansa yana haki, ya ɗauka ƙishirwa ce, sai ya miƙa masa lemo. Kin san Baba ko za a yanka shi ba zai ba mutum abu da hagu ba. Da dama ya miƙa, wuƙar kuwa tana saƙale tsakanin yatsunsa, tsininta na kallon cikin mutumin. Suka ja da baya, tsawa ta ƙaru. Shi kuma ya ga an ƙi karɓa, ya yunƙura zai tashi ya bi su da shi, yana cewa sabil, sabil.

Daidai nan Yaya ya faso taron. Ya shiga tsakani yana ihu, “Abuya, irmiha! Irmiha!” wai ya jefar da ita. Baba ya ga wani ƙato yana yi masa ihu da harshen da bai sani ba, ya damƙe wuƙar ya maido ta ƙirji. Na ga fuskarsa ta canza, irin canjin da yake yi kafin ya rikice. Na ga ƙaramin mai tsaron ya matso ta bayansa. Na san idan suka kama hannun nan zai yi kokawa, kuma ƙashinsa ba zai ɗauka ba.

Ban san sa'ad da na durƙusa a gabansa ba. Ba ni da abin faɗa nawa, sai naki ya fito. Na ce, “Malam, hannunka ya gaji, kawo in karɓe ka.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya goge wuƙar a hannun riga, ya juyo da ƙotar wajena, ya ɗora mini a tafi. Ya ce, “A hankali Hajiya, kada ki huda.”

Sauran ba na son tunawa. Na nuna kati, na nuna takardar asibiti, Yaya ya yi ta ba da haƙuri a kan jirgin mutane da aka yi wa giɓi. Babban mai tsaron ya ce in jefa wuƙar cikin jaka kada ya sake ganinta, na jefa. Kafin mu tashi Baba ya ɗauki lemo ɗaya daga cikin waɗanda ya fere ya tsotse shi tas, ya ɗauki na biyu. Abin da ya fara shiga cikinsa da son ransa ke nan tun watan jiya.

A hanyar dawowa mun tsaya sallah a Badar. Na fito na tarar da Yaya ya kifa kai a sitiyari yana kuka. Na zaci faɗa zai yi mini, har na shirya amsa. Sai ya ce shi abin da ya kashe shi, ubansa na cikin haɗari ya buɗe baki ya nemi kalma ɗaya ta Hausa ya rasa. Ban taɓa ganin Yaya haka ba, Inna, ko ranar da aka ɗauke ki. Ya ce daga yau a riƙa kulle ƙofar gida, na yarda. Ya ce a jefar da wuƙar, na ce wannan kam sai bayan raina. Ya tada mota muka kama hanyar gida.

Ga yadda muke yi yanzu, ki gaya mini ko daidai ne. Wuƙar tana jakata, ina tafiya da ita wajen aiki. Da safe kafin in fita sai in wanke lemo uku, in zauna kusa da Baba gwiwa da gwiwa, in ba shi wuƙar. Tsoro nake ji duk lokacin, idona ba ya barin yatsunsa. Idan ya gama in faɗi maganarki, ya miƙo mini. Ranar da ba zai miƙo ba tana nan zuwa, na sani, ban kuma san abin da zan yi a ranar ba. Amma yana cin abinci. Shekaranjiya Yaya ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana motsa baki, ashe maganar taki yake haddacewa.

Lemo ɗaya na Baba, ɗaya nawa. Na ukun ya fi ɓata lokaci a kansa, ya ajiye a farantinki mai bakin shuɗi, ba ya bari kowa ya taɓa. Ranar farko ya wuni yana kallonsa har ya bushe, ya ƙi cin abincin rana. Don haka yanzu idan na dawo hutun rana na tarar yana barcin azahar, sai in ɗauka in shanye, in mayar da ɓawon cikin farantin. Idan ya farka nan yake fara dubawa. Sai ya ce, “Ta sha?” In ce, “Ta sha, Baba.”

Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Ke ma ki yafe mini, rabonki nake sha kullum.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya shayar da ke daga abin da ya fi wanda kika shayar da baƙinsa a Bi'ir Ali. Allah ya sassauta wa Baba, ya sa kada hannun nan ya manta da abin da ya sani kafin ya iso gare ki. Amin.

'Yarki mai bakin da kika sha cewa ya yi yawa,
Rakiya
Ranuna, Madina