Buhun Ambulan na Miss Tregear

Mama,

Ina gaishe ki daga Ingila. Ya ƙafar taki? Ya Inez da mutanen Port Antonio? Ni ƙalau nake, abinci ne dai ba ya shiga.

Ranar Talata da safe na ga mota a ƙofar Miss Tregear, marubuciyar da nake wa aikin lambu, wadda muka binne makon jiya. Mutanen jami'a ne. Suka kwashe takardunta, amma waɗanda aka buga da tafireta kaɗai. Ita kuwa tun zamanin yaƙi ba ta ɓarnar takarda. A bayan tsofaffin ambulan ta rubuta littafinta na ƙarshe, kullum tana karanta mini kaɗan muna shan shayi.

Da suka tafi, ɗan wanta ya nuna buhun da ambulan ɗin ke ciki ya ce, "Linton, ƙone sharar nan."

Na ce, "Yallaɓai, littafi ne fa."

Ya yi dariya. "Yaushe ka zama farfesa? Ƙone, ko ka nemi wani aikin."

Mama, da hannuna na ƙyasta ashanar. Ki sa ni a addu'a.

Yanzu ana cewa ba ta bar sabon littafi ba. Ta bari. Mrs Oddie mai girki tana tsaye a wurin lokacin da na ƙone shi, haka Wilf mai kawo madara.

Ɗanki,
Linton