Tabarau Biyun Pearl

Litinin, 6 ga Maris
Pearl ta ƙi ɓera. Na ciro shi daga firiza, na jiƙa a ruwan ɗumi yadda matata Luvenia take yi, na kaɗa mata a baki. Ta kau da kai. Macijiyar masara ce, shekararta sha huɗu a akwatin gilashin nan, ban taɓa ciyar da ita da hannuna ba sai da matar nan ta mutu ta bar min ita. Ni da na girma ina sare irinsu da fartanya a rumbun kakana.

'Yata Odessa ta bugo daga Macon. Maganar dai ɗaya. "Baba, ko a cire maka yanar idon nan, ko ka tattaro ka dawo wurina. Zaɓi ɗaya." Na ce na zaɓi ta ajiye waya. Ba mai sa min wuƙa a ido.

Alhamis, 9 ga Maris
Na kai fuskata har jikin gilashin. Idon Pearl ya yi fari kamar an ɗiga madara. Ashe saɓa za ta yi. Mu biyu ke nan a gidan, ba mai ganin wani.

Lahadi, 12 ga Maris
Bayan an tashi daga coci, jikokin gidan Gadsden suka zo neman inda kakarsu take kwance. Kabarin ba dutse. Taku sha ɗaya daga tsohuwar bishiya, sai hannun dama. Na kai su ko ƙasa ban duba ba. Kabari talatin da shida ne haka, kuma ni kaɗai na rage da na san sunayensu. Mai wannan sanin za a ɗauka a ajiye a benen Odessa, hawa na uku? Ƙafa ta sani, kai ya sani. Ido me zai ƙara?

Talata, 14 ga Maris
Kamar idon Pearl ya washe. Luvenia takan ce in ya washe a ƙirga kwana huɗu. Nawa dai yana nan. Gwiwa ma ta dame ni.

Asabar, 18 ga Maris
Ta yi. Na tsinci saɓar naɗe a jikin icen da take hawa.

Luvenia tana da al'ada. Takan shimfiɗa saɓar kan baƙin ƙyalle ta nemi abin da take kira tabarau, 'yan ɓawon nan biyu da suke rufe ido. In sun cika biyu, ta sa a ambulan, ta rubuta kwanan wata, ta jefa a kwalin takalmi. In ɗaya ya rage, to yana manne a idon, kuma in aka bar shi yakan ɓata ido. A teburin nan ta koya min baƙaƙe ina da shekara arba'in, a kansa kuma na shimfiɗa saɓar yau. Ban ga komai ba. Hazo kawai. Na shafa da yatsa, yatsan duk kanta.

Dole na kira maƙwabcina Cleophus, dattijon coci, wanda ko igiya ya gani a ciyawa sai ya yi tsalle. Daga bakin ƙofa ya ce, "Roscoe, abar nan a rufe take?" Na ce a'a, tana cikin aljihuna. Ya ce in ci gaba, Allah na ji. Ya ɗaga saɓar da cokali mai yatsu. "Ɗaya ne, tsoho. Na hagu rami ne kawai."

Lahadi, 19 ga Maris
Ban je coci ba. Na jiƙa rigar matashin kai da ruwan ɗumi, na sa Pearl ciki rabin awa. Ɓawon bai fita ba, ko ya fita ban sani ba. Na gaji.

Litinin, 20 ga Maris
Ban so in rubuta wannan ba.

Luvenia ta hana a kai ƙarfe kusa da idon. Na sani. Amma na ɗauko ɗan hantsakinta na cire gira, na riƙe kan Pearl a hasken taga. Cleophus yana can bayan ƙofar raga yana kallo. Na kai hannu idon hagu.

"Roscoe. Tsaya. Wane ido kake nufa?"

Na ce hagu mana, ba kai ka faɗa ba?

"Na hagun nan yana ƙyalli kamar maɓalli. Na dama ne ya dushe."

Sai na tuna. Saɓa a juye take fita, kamar safa in an tuɓe. Hagun saɓa shi ne damar macijiya. Shekara sha huɗu ina jin matar nan tana faɗa. Kan da nake alfahari da shi ya manta, idon da zai gyara masa kuma babu. Saura ƙiris in tsokane lafiyayyen.

Na ajiye hantsakin. Cleophus bai yi min tsiya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya shigo har cikin ɗaki, ya jiƙa rigar matashin da kansa.

Laraba, 22 ga Maris
Ɓawon ya fita. Cleophus ne ya gano shi manne a ƙyallen, ya ce bai kai ɓawon kifi ba. Na haɗa shi da saɓar a ambulan. Kwanan watan ya cinye fuskar ambulan ɗin duka, haka rubutuna ya koma. Cleophus ya ce min, "Wannan ne na farko kuma na ƙarshe, ɗan'uwa. Ka nemi wani idon."

Juma'a, 24 ga Maris
Ta ci ɓera.

Na buga wa Odessa na ce ta zo Alhamis da mota. Ta ce, "Asibiti, Baba?" Na ce ban ce na yarda ba. Su duba kawai. Pearl za ta sake saɓa wajen watan Yuni, kuma dole wani ya ƙirga mata tabarau.