Abin da Auta Take Gani a Ƙasan Takalmi

Zuwa ga Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, gishirin girkina ne dai har yau bai daidaita ba.

Maganar shago ce ta sa na ɗauki biro. Kin san maƙwabcinmu mai fenti ya daɗe yana so in sayar masa ya haɗe da nasa. Na ce ƙarshen wata zai ji amsa, kuma zuciyata ta karkata ga sayarwa. Idona ya fara kasa ganin kafar basilla, takalman kanti sun cika gari, 'yarki Auta kuwa, da na sa rai za ta riƙe wurin, na kasa gane kanta. Ɗinki ta iya, ba na musu. Amma sai ta bar ni da shago ta tafi tashar mota ta zauna a benci tana kallon ƙafafun mutane. Jiya ta dawo da buhun tsofaffin takalma da ta roƙo wurin ma'aikatan jinya na asibitin bayanmu, ta kife su a kan teburin yanka tana duba ƙasansu ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ta ko bola muka koma, ta yi dariya ta ce in ƙara haƙuri.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan kina samun barci ko kaɗan. Na ji daɗin jin Inna ta fara zama da kanta.

Yarinyar nan ta fara ba ni tsoro. Ta ɗinka wa ma'aikatan jinyar takalma goma sha biyu, aka dawo da tara da ƙorafi. Da ni ne, kin san hali, sai na yi kwana uku ban yi wa kowa magana ba. Ita kuwa har kujera ta jawo musu. Kowace sai ta tambaye ta ina ne yake yi mata ciwo, kuma bayan awa nawa da tsayuwa. Da suka tafi na ce ko kunya ba ta ji ba. Ta ce min taran nan su ne malamanta, ukun da suka yi shiru su ne ke damunta, don ba ta san me suka yi da nasu ba. Washegari ta bi su har wurin aiki.

Ta warware duka ta sake ɗinki. Yanzu masu aski, masu gasa burodi, duk wanda yake yini a tsaye, nan yake zuwa. Shekaranjiya wani ya ɗauki baƙin takalmin nan mai sheƙi da ya yi wata biyar a kan kantar shago, ina murna a raina, sai ta hana shi. Wai zai matse masa ɗan yatsa, ya dawo Alhamis ta ɗinka masa daidai ƙafarsa. Na zuba ido in ga ko zai dawo. Da ƙaninsa ya dawo.

Shekara talatin ina auna ƙafa tana ajiye a ƙasa. Ban taɓa tunanin in kalle ta tana tafiya ba. Mai fenti ya leƙo sau biyu, na ce wata bai ƙare ba.

Naki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwargida,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Allah ya sa wannan ta same ki lafiya, ke da Inna.

Yau da safe Auta ta ajiye min sabon takalmi a gabana ta ce in saka in je ƙarshen layi in dawo. Kin san ciwon bayan nan da kike shafa min man zafi shekara da shekaru, muna ɗora wa kujerar aiki laifi? Ta ce ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, tun tana ƙarama take ganin yadda dunduniyar takalmina take cinyewa ta gefe guda. Ta ɗaga na hagun da kaurin ɗan yatsa.

Na je ƙarshen layi, na wuce har tasha, na dawo. A miƙe nake tafiya, Uwargida. Ni da nake yi wa rabin unguwa takalmi, nawa ƙafafun ban san su ba. Na tsaya a bakin shago ina kallon yarinyar da muka goya tana yanka fata, hawaye suka zo min, kuma ban ɓoye ba. Ban san daga ina Allah ya ba ta wannan ido ba. Ba daga wurina ba ne.

Na shiga wurin mai fenti na ba shi haƙuri. Da na fito na miƙa mata makullan shago, na ce daga yau nata ne, in tana da wurin ma'aikaci ɗaya ina nema. Ta daɗe tana kallon makullan kafin ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta share ido ta ce bakwai da rabi ake buɗewa, kada in makara.

Ki gaida Inna, ki dawo mana da wuri.

Mijinki har kullum,
Baban Auta