Kofunan Zauren Sulhu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau, tsayuwa ce kawai ta ɗan kumbura min ƙafa. Har yanzu ni ke kai shayi zauren da ake zaman sulhu.

Kin tambaya ko za a tsagaita wuta Autanmu ya samu ya dawo daga bakin daga. Inna, da na shigo suke yin shiru, don haka kofuna nake dubawa. Ranar da zama ya yi daɗi, har ƙari suke nema. Kwana uku ke nan ina kwashe shayin ɓangarorin biyu a cike, ya huce.

Kada Baba ya ji, saboda hawan jininsa. Ki taya ni addu'a, Allah ya sa gobe in tarar sun shanye.

'Yarki