Tarin Da Joji Bai Yi Ba

Rabah, daren Lahadi, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Yau da la'asar 'yan kama sunka yi wasa bakin kasuwa, ga kiɗi ga rawa, gari duk ya taru. Sai babbansu yak kifa ƙwarya bisa kai, wai hular Bature ta, yad dubi abokinshi yac ce, "Ranki shi daɗe, Hakimi!" Mutane sunka kwashe da dariya.

Ranar da Joji, Baturen rangadi, yay yi wanga kuskure, mu ukku muke cikin zaure: shi, da Hakimi, da ni magatakarda. Da yat tafi, Hakimi yac ce mani, "Malam, kunnenka bai ji komi ba."

Na so in ce wani yal laɓe bayan ƙofa. Amma ɗan kaman ya yi tari sau biyu kafin "ranki". Joji bai yi tari ba. Ni niƙ ƙara shi don armashi, da nike ba aminina Umaru labarin.

Umaru na kusa da ni wurin wasan. Yac ce, "Mi yas same ka?" Bai dube ni ba.

Dogari ya zo bayan isha'i. Hakimi na nemana da safe.