Yusufun Madam Selestin

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Ruwa tun asuba. Matar Razak ta haihu, namiji. Matata Asiya, uwar Razak, ta tafi can. Ni shago.

Talata, 4 ga Yuni
Madam Selestin, mai kifin unguwar Placodji, ta kawo hoton cocinsu a sake masa firam da gilashi, damshi ya ci katakon. Wani tsoho ne riƙe da jariri, da sanda mai fararen furanni. Ta ce Yusufu ne. Na ce Annabi Yusuf da furfura haka, to ina Misira? Ta yi ta dariya. Wai nasu kafinta ne, mijin Maryama. Na juya shi ya kalli bango saboda salla.

Laraba, 5 ga Yuni
Razak ya zo. "Baba, sunanka zan sa masa." Na ce Halilu ai ba sunan gidansu ba ne, ya tambayi masu jini. Tun yana shekara biyu nake riƙonsa, amma ranar aurensa ƙanin ubansa aka zaunar a gaba, wani har yana cewa ai agola ne a gidana. Ban manta ba. Ya hau zemijan, acaɓan garin nan, ya tafi.

Juma'a, 7 ga Yuni
Dole na juyo hoton don awo. Tsohon ba ya kallon mai kallo sam, yaron kawai. Tafin hannunsa ɗaya na ƙarƙashin ƙafar jaririn. Hannun ma'aikaci ne, mai zanen ya san aikinsa.

Asabar, 8 ga Yuni
Madam ta leƙo. Na tambayi furannin. Ta ce alamar tsarki ne, don ba shi ya haifi yaron ba, riƙo aka ba shi. Annabi Isa ba shi da uba, wannan mun sani. Wanda ya yi riƙon ne ban taɓa tambaya ba. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Asiya ba ta yi mini magana.

Litinin, 10 ga Yuni
Ban buɗe shago ba. Na je sunan, don bakin mutane kawai. Liman ya ce Halilu. Razak ya tsallake baffansa ya miƙo mini yaron. Asiya ta ce wai ta ga inda na sa hannuna. Ƙafar yaron ce da sanyi, shi ke nan.